"To" Ɗin Inna da Awakin da Na Kwaso

A shekarun da sojoji suka koma bariki aka miƙa wa farar hula mulki, ni matashi ne mai ji da kansa a garin Wudil. Malamin firamare ne ni, sai aka buɗe sabuwar jami'a a garinmu, na nemi hutun ƙaro karatu na shiga fannin tattalin arzikin noma. Lokaci ne da kowa yake ganin ƙofar arziki ta buɗe. An ƙara albashi, hotunan 'yan siyasa sun lulluɓe bangon tasha, wayar salula ta fara shigowa, duk majalisar da ka zauna ba ka jin zancen komai sai na jari da riba. Ni kuwa aljihuna babu nauyi, amma akwai baki, don in na fara bayanin yadda ake juya kuɗi har mai shayi sai ya manta da tukunyarsa yana saurare. Malam Edita, na daɗe ina son rubuto wannan labari ina fasawa. Ba zan ambaci sunan kowa ba, domin waɗanda abin ya shafa wasu sun riga mu gidan gaskiya, wasu kuma ba su yi mini komai ba sai alheri.

Mahaifinmu ya rasu tun ina sakandare, ya bar mu da mahaifiyarmu da muke kira Inna, ni da ƙanwata da ke aure a Kano. Ni ne ɗan fari, Inna kuma irin matan da ce masu tsananin kunyar ɗan fari. Tunda na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba. In tana nemana sai ta ce a kira mata yaron nan. Ba ta zama hira da ni, ba ta musu da ni, in na gaishe ta takan amsa ne tana kallon wani wuri. Ba wai mace ce mai sanyi ba, don ƙanwata da maƙwabta sun san kaifin harshenta, mai awo ma in ya hango ta sai ya gyara cikar mudunsa. A gabana ne kawai take zama mai kalma ɗaya. Na taso a haka na saba, har na manta cewa shirun da take yi mini al'ada ce, ba rashin abin faɗa ba.

Duk abin da Inna ta mallaka awaki ne da 'yan tumaki, amma in ka shigo gidanmu ko turke ba za ka gani ba. Duk ta rarraba su kiwo a ƙauyuka, wasu a Achika inda danginta suke, wasu a Utai, a hannun zawarawa da tsofaffi da 'yan'uwa na nesa. Mai kiwo yana da taki, yana da rabonsa cikin 'ya'yan da aka haifa, sauran kuwa na Inna ne, akan yi musu 'yar tsaga a kunnen hagu. Ranar Juma'a da kasuwar Wudil take ci, duk sai su biyo ta gidanmu. Tun da hantsi Inna take ɗora babbar tukunyar shinkafa da wake, su kuma su zo da ɗan zogale ko gyaɗa ko ƙullin kuka, su ajiye kayansu, su yi salla, su ci abinci, a ba ta labarin wace ce ta haihu, wace ce take ɗingishi. Daga zancen akuya a gangara zancen aure da rashin lafiya da rigimar iyakar gona. Ƙofar ɗakinta takan cika da takalma, irin silifas ɗin nan da suka sha ɗinki, har sai ka tsallaka kafin ka wuce. Ni a lokacin hayaniyar ce kawai take damuna, don ba ta barina in yi karatu.

Da karatu ya yi nisa aka fara koya mana wani darasi a kan haɗarin da ke cikin zuba jari da yadda ake rage shi. Malamin Kirista ne daga kudancin Kaduna, dattijo mai sanyin magana, in ya ga Turanci ya cije mana sai ya juya Hausa ya warware. Ya koya mana cewa kafin ka sa kuɗinka a sana'a ka fara tambayar abin da za ka iya rasawa, ba abin da za ka samu ba. Ya ce kada ka zuba komai a wuri guda. Ya ce kuma dukiyar da take hannun wani, ba rubutu ba shaida, ba ka ganinta balle ka bi sawunta, ita ce ta fi kowace zama cikin haɗari. Darasin ya shige ni sosai, har yau ban ga aibinsa ba, da shi ma nake cin abinci. Matsalar ita ce na fito daga aji ina neman inda zan gwada shi, kamar yaron da aka saya wa sabuwar wuƙa, kuma abin da ya fi kusa da hannuna shi ne awakin Inna. Na duba na ga dabbobi warwatse a hannun mutane, ba allurar rigakafi, kullum ana kawo labarin wata ta mutu, wata an sace, shekara da shekaru garken yana nan jiya i yau.

Abin da ya ƙarasa tunzura ni ya faru ne a kara, wato kasuwar dabbobi. Akwai wata tsohuwa a Utai, aminiyar Inna tun suna 'yan mata, wadda take riƙe da wata jar akuya da 'ya'yanta. Wata Juma'a na ji ta da kunnena tana gaya wa Inna cewa ɗan bunsurun da akuyar ta haifa ya ci wani abu, cikinsa ya kumbura ya mutu. Inna ta ce Allah ya mayar da alheri, ta ƙara mata abinci. Bayan an sauko daga masallaci na ratsa ta kara, sai ga bunsurun nan a hannun dillali, da ransa da lafiyarsa, ga tsagar Inna a kunne. Na tambayi dillalin, ya kwatanta mini tsohuwar da ta kawo shi da safe tsaf. Na dawo gida ina huci, amma a can cikin raina har da ɗan farin ciki, don abin da aka koya mana a aji ya tabbata a gaban idona.

Washegari na durƙusa a ƙofar ɗakin Inna na gaishe ta, na zayyana mata komai. Na ce ana cin dukiyarta tana kuma ciyar da masu ci. Na ce a kwaso dabbobin duka a sayar, a raba kuɗin kashi-kashi. Wani a sayi raguna a turke a nan gida a ciyar da su har babbar salla, wani a sayi hatsi da kaka a ajiye, ragowar a kafa teburin kiran waya a bakin tasha, ta yadda in ɗaya ya faɗi sauran za su riƙe. Na yi ta zuba, har da kalmomin Turanci da na san ba ta ji. Tana zaune tana tsince wake a faifai, ba ta ɗago ba. Da na gama na tambaye ta ko ta yarda. Hannunta ya tsaya cak a cikin waken, sannan ta ce "to". Kalmar ke nan, ba ta ƙara ba. Na tashi ina murna na samu izini.

Na je na ba malamin nan labari ina jiran yabo. Ya saurara, ya ce raba jarin da na tsara ya yi, bai ga kuskure a lissafina ba. Sai ya tambaye ni me mai dukiyar ta ce. Na ce ta ce to. Ya cire tabarau ya dube ni, ya tambaye ni wane irin to, domin shi a zamansa da Hausawa ya ji to na yarda, ya ji to na na ji maganarka, ya kuma ji to na yi yadda ka ga dama tunda ba zan iya hana ka ba. Ya ƙara da cewa kafin mutum ya tsige abu daga inda ya tarar da shi, ya kamata ya tambayi aikin da yake yi a wurin. Na yi dariya na ce ai Malam uwata ce, na fi kowa saninta. Bai ja zancen ba. Na fito daga ofishinsa ina cewa a raina wai yau shi ne zai koya mini Hausa.

Na ɗauki hayar akori-kura muka bi ƙauyukan. Ban aika wa kowa saƙo tukuna ba, wai don kada a ɓoye wasu. Ka ji irin tunanina. Ina shiga gida in gaisa a tsaitsaye, in ce Inna ce ta aiko a karɓi dabbobinta, ga direba a waje yana danna hon, ga maƙwabta sun fito kallo. Babu wanda ya yi mini gardama. Wani kawun Inna a Achika ya tambaye ni ko lafiya, ko wani abu ne ya samu gidan, na ce lafiya lau, sabon tsari ne kawai. Ya ce Allah ya sa albarka, amma ko zaure bai raka ni ba. Da muka isa Utai, aminiyar Inna da kanta ta kwance jar akuyar, ta haɗa da wata 'yar ƙarama da na san rabonta ce. Na ce ai wannan tata ce, ta ce in tafi da ita ta cike gurbin wanda ya mutu. Ta faɗi haka tana kallon ƙasa. Ta tumɓuke turken ta miƙo mini har da igiya, ta ce in gaishe da 'yar'uwarta, in ce mata amana ta dawo. Na hango wasu ƙananan yara a bakin ɗaki sun zuba mini ido, ban ko tambayi 'ya'yan wane ne ba.

Da a ce sana'ar ta rushe, da wataƙila na farga da wuri, da kuma labarin nan ya fi sauƙin bayarwa. Amma ba ta rushe ba. Raguna suka yi kyau aka sayar da daraja, hatsi ya tashi da bazara, teburin waya kuwa layi ake yi. Shekarar da cuta ta shiga ragunan, hatsi ya rufe asarar, daidai yadda aka koya mana. Na yi wa ɗakin Inna siminti da silin, na sa mata fanka, na sayo katifa da atamfofi. Abokaina suka fara kirana manaja. Duk lokacin da na kawo wa Inna ribarta sai ta ce a ajiye a can, ta sa mini albarka a taƙaice. Ban taɓa ganin ta kwance ƙullin kuɗin ba, na ɗauka kunyar nan tata ce.

Juma'a kuwa ta riƙa canzawa a hankali ba tare da na lura ba. Da farko wasu sun leƙo, suka gaisa daga tsakar gida suka ce suna sauri, ba su zauna cin abinci ba. Daga nan sai ɗaiɗai, daga nan sai babu. Amma Inna ba ta daina ɗora babbar tukunyar nan ba. Takan share tsakar gida, ta shimfiɗa tabarmi, ta zauna inda take hango zaure, duk sallamar da aka yi sai ta ɗago. Da la'asar sai ta sa a rarraba abincin a maƙwabta. Har faɗa na yi, wai ana ɓarnar shinkafa. Na ce mata ai ga shi ta gani da idonta, dama don dabbobin suke zuwa, da aka ɗauke sun watse. A cikin duk abin da na yi, wannan maganar ce ta fi ci mini rai a yau. Ta tashi ta shige ɗaki ta saki labule da rana tsaka.

Ƙanwata ce ta buɗe mini ido, da ta zo gida wankan jego ta ga abin da ke faruwa. Ita ba kunyar kowa gare ta ba, ta tare ni a zaure ta wanke ni tas. Ta tambaye ni ko ina tsammanin Inna ba ta san bunsurun nan bai mutu ba. Ta ce Inna ta san kowace akuya da aka ce ta mutu, ta san wadda ta mutu da gaske, ta san wadda aka sayar aka sayi magani ko hatsi. Tsohuwar Utai jikoki marayu take riƙe da su, ɗanta ya rasu ya bar mata, kuma mace ce da za ta gwammace ta kwana da yunwa da ta buɗe baki ta roƙa. Shi ya sa in ta matsu sai ta ce akuya ta mutu, Inna ta ce Allah ya mayar da alheri, kowa ya tashi da mutuncinsa, ba wanda ya roƙa, ba wanda ya yi gori. Ta ce kuma zuwa da mota a kwashe kiwo a gaban jama'a babu dalili, a ƙauye ma'anarsa ɗaya ce, an ce maka ɓarawo, kuma da sunan Inna na je na faɗa. Na ce to me ya sa ba ta hana ni ba. Ƙanwata ta dube ni kamar ba a gida ɗaya muka tashi ba, ta ce yaushe na taɓa ganin Inna ta yi musu da ni. Ta ce Inna da bakinta ta gaya mata cewa ranar da na tafi da motar wuni ta yi tana kuka. Na rasa inda zan sa kaina.

Na yi ƙoƙarin gyarawa, amma irin gyaran mai kuɗi. Na shiga kara na zaɓo awaki manya da suka fi na da kyau, na sake ɗaukar mota na bi gidajen. Kowa ya karɓe ni da fara'a, aka kawo mini ruwa, aka yi ta godiya, sannan aka ba ni uzuri. Wannan ya ce bana babu harawa, waccan ta ce ciwon ƙafa ya hana ta, wani ya ce masu taya shi kiwon sun tafi birni. 'Yan kaɗan ne suka karɓa, su ma ba sa zuwa da kansu, kuma in wata ta mutu sai su aiko mini da fatarta don shaida, abin da ba a taɓa yi ba a zamanin Inna. Tsohuwar Utai ta ce ta tsufa, ba ta iya riƙon amana yanzu. Na durƙusa na ba ta haƙuri, na gaya mata ba Inna ce ta aiko ni ba, ni ne na aiko kaina. Ta ce ta sani tun ranar, kuma ba ta riƙe ni da komai ba, ai ɗa ne ni a wurinta. Na roƙe ta ta zo ranar Juma'a ko gaisawa su yi. Ta ce "to". A wannan karon na gane irinsa, na fito na tsaya a bayan mota ina share hawaye.

Ba a daɗe ba hawan jini ya kayar da Inna, ɓarin jikinta ya shanye. Ban ce abin da na yi ne ya jawo ba, ciwo da ajali na Allah ne, amma na san halin da ciwon ya same ta a ciki. Kuɗin magani bai gagare ni ba, na kai ta asibiti a Kano, na ɗauko mai jinya ina biya. Abin da na kasa sayo mata shi ne wanda zai zauna a gefen katifar ya tuno mata wata tsohuwar magana su yi dariya. Ko tana kwance, in Juma'a ta zo sai ta yi nuni da hannunta mai lafiyar a ɗaga labule, ta zuba wa ƙofa ido. Wata rana ina zaune kusa da ita na ce ta yafe mini, na faɗi laifina ban rage komai ba. Bakinta ya riga ya karkace, magana da ƙyar. Ta ɗora hannunta a kaina, abin da ba ta taɓa yi ba tunda na girma, ta ce ta yafe. Sannan ta tambaye ni jar akuyar nan tana ina. Na sayar da ita tun a Juma'ar farko, ban ma san wanda ya saya ba.

Ranar da ta rasu, kafin a kai ta, gidan ya cika. Achika ta zo, Utai ta zo, har da waɗanda ban san tana da alaƙa da su ba. Na dawo daga maƙabarta na shiga cikin gida, sai na tarar da ƙofar ɗakinta cike da takalma, irin silifas ɗin nan masu ɗinki, ba inda za ka sa ƙafa. Na tsaya a nan ina kallonsu. Tsohuwar Utai tana ciki, ita ce ma ta yi mata wanka. Da ta fito na kasa daurewa, na tambaye ta me ya hana ta zuwa alhali ta ce ba ta riƙe ni ba. Ta ce wallahi ba fushi ba ne. Sau da yawa takan zo kasuwa, ta iso har bakin lungunmu, ta juya. Ta ce a da in ta shigo, labarin akuya ta kawo, in an zuba mata abinci ta ci babu nauyin komai. Amma da babu akuyar, in ta yi sallama ranar Juma'a daidai lokacin da ake sauke tukunya, me za ta ce ta zo yi.

Yau shekaru sun ja, ina cikin rufin asiri, har ina ba 'yan kasuwa shawara a kan inda za su sa jarinsu. Ilimin da na koya gaskiya ne, ina ma kira ga matasa su neme shi. Ni ne na ɗauki rabinsa na bar rabi. An ce in fara tambayar abin da za a iya rasawa, sai na duba awaki kawai, ban duba hannuwan da ke riƙe da igiyoyinsu ba. Na ga uwata ta rarraba dukiyarta a hannun mutane na kira shi sakaci, alhali mutanen su ne abin da ta yi rayuwarta tana tarawa, kuma na watsar da su a wuni guda da motar haya.

Don haka kai da ka yi karatu ka dawo gida da sabon ido, in ka ga wani tsari na iyayenka da lissafi bai fito da shi ba, kada ka yi gaggawar gyara shi. Nemi wanda suke sakin jiki da shi ka tambaya, musamman in kai ɗan fari ne, don ba za su faɗa maka da bakinsu ba. In ka kawo shawara aka ce maka to, tsaya ka dubi fuskar mai faɗar da hannunsa kafin ka miƙe. Ni yanzu na rarraba awaki kiwo a ƙauyukan nan, a hannun 'ya'ya da jikokin waɗancan mutane, na kuma hana a kawo mini fata. In aka ce wata ta mutu sai in ce Allah ya mayar da alheri. Matata tana ɗora tukunya ranar Juma'a, ana samun takalma a tsakar gida, ba laifi. Amma ɗakin da ya kamata a cire su a ƙofarsa a rufe yake. Ina roƙon duk wanda ya karanta wannan ya sa Inna a addu'a.